Jego bayan tiyatar rage tumbi: yadda za ki sauke nauyin da ciki ya bar miki

Macen da aka taɓa yi wa tiyatar rage tumbi, wato rage girman jakar abinci ta cikin ciki don a sauke ƙiba, idan ta haihu ta hau sikeli bayan suna ta ga ƙarin kilo 8 ko 10, abin da ke fara faɗo mata a rai shi ne aikin ya lalace, kuɗin da aka kai Alƙahira ko Indiya ko Abuja ya tafi a banza. A mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Ciki ya tura tumbin sama na 'yan watanni, amma bai mayar da shi girmansa na da ba. Abin da ya sauya shi ne yanayin ci. Laulayi ya koya miki ɗan taɓa wannan taɓa wancan duk bayan awa guda, yanzu kuma jego ya zo da fulas ɗin kunu a gefen gado, da shayi mai kauri, da 'yan barka masu shigowa da cincin da lemun malt.

Gyaran yana da jeri, kuma jerin ne mutane ke juyawa. A fara da jini, a koma kan kofi da kwano, sannan motsa jiki. Sikeli shi ne na ƙarshe. Wadda ta fara da yunwa, ita da jaririnta za su biya kuɗin, domin jikin da aka rage wa tumbi ba shi da ajiya irin ta sauran masu jego.

Kafin komai, ki san aikin da aka yi miki

Ba duka tiyatar ba ce iri ɗaya. A wanda ake kira silib, an yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi an fitar, saura ya zama siriri dogo, hanji kuma yana nan yadda yake. A baifas, an ware ɗan aljihu a saman tumbi wanda bai fi cin cokali biyu ba a farkon aikin, aka jona shi da hanji can gaba, aka tsallake farkon hanji inda jiki ya fi zuƙar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Shi ya sa mai baifas ta fi saurin ƙarancin jini. Akwai kuma masu zoben roba da ake ɗaurawa a wuyan tumbi. Sau da yawa akan sassauta shi lokacin ciki, don haka sai an koma an sake daidaita shi bayan haihuwa.

Ki nemo takardar sallamar da aka ba ki a asibitin da aka yi aikin, ki ɗauki hotonta a waya, ki tura wa maigida ma. Nas ko ungozomar da za ta duba ki a Katsina ko Daura tana iya yin shekaru ba ta haɗu da mai irin aikinki ba, kuma "an taɓa yi mini aiki a ciki" ba ya gaya mata komai. Ki faɗi sunan aikin da shekarar da aka yi shi.

Mataki na 1: har a yi arba'in, ba rage abinci

Wani nauyin zai tafi da kansa. Jariri da mabiyiya da ruwan mahaifa sukan tafi da kilo 5 zuwa 6 a ranar haihuwa. Ruwan da jiki ya tara yana bin fitsari da zufa cikin mako ɗaya ko biyu. Mahaifar da ta kai kusan kilo guda bayan haihuwa tana komawa ƙasa da giram 100 zuwa mako na shida. Saboda haka duk lambar da sikeli ya nuna miki ranar suna ba ita ce gaskiyar magana ba. Ki bari a yi arba'in, ki hau da safe kafin ki ci komai, ki rubuta. Daga nan lissafi ya fara. Idan kina son sanin ko ƙarin da kika yi ya wuce ƙima, ƙa'idar da Amurka ta fitar a 2009, wadda likitoci da yawa ke bi, ta ce mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon ciki, mai ɗan jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai 5 zuwa 9.

Ba rage abinci ba yana nufin a sakar wa jego linzami ba. A cikin waɗannan kwanakin ne ake ɗaukar ɗabi'un da ke hana nauyi sauka har shekara. Jegonmu an gina shi ne a kan ɗura: mai jego ta sha kunu ta ƙoshi don nono ya zo, ta ci gasasshen nama da yaji, ta ci ƙauri. Naman nan alheri ne gare ki, in an zaɓi marar kitse kuma an dafa shi ya yi laushi. Matsalar tana cikin fulas.

Tumbin da aka rage yana aiki ne kamar mazurari: abu mai ƙarfi ya tsaya a wuya ya sa ki ji kin ƙoshi, abu mai ruwa ya zarce bai ko gaishe ki ba. Za ki iya kasa cinye ƙwai biyu a zama ɗaya, amma ki shanye kofi shida na kunu mai sukari daga hantsi zuwa magariba ba tare da kin ji komai ba. Ki lura da yadda abin ke faruwa a ɗakin mai jego: kofin silba yana kan durowa, ba ya taɓa zama wayam, duk wadda ta shigo barka sai ta ɗaga murfin fulas ta ƙara miki, ta ce "sha, ai nono kike bayarwa." Ba wanda ke ƙirgawa, har ke.

Kunun kanwa kuma yana da nasa zancen daban. Kanwa tana ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa, yana riƙe ruwa a jiki, yana kuma iya tayar da hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta shi, tare da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya kawo wasu dalilan, har da ƙarancin wasu sinadarai a jiki. Ke dai ba ki da riba a cikinsa. Idan sai an dama kunu, a yi na tsamiya ko na gyaɗa ba sukari, kofi ɗaya ƙarami a yini, a zuba madara a ciki.

Wannan magana ba da likita za ki yi ta ba, da wadda ke kula da ke ce, ko mahaifiyarki in kin je wanka gida, ko gwaggo, ko surukarki. Kada ki shigo da ita ta ƙofar "ina son in rame", domin nan take za a ce yarinyar nan tana son kashe ɗan mutane da yunwa saboda gayu. Ki shigo ta ƙofar lafiya: "Inna, ku yi haƙuri, kun san aikin da aka yi mini. Cikina ba ya ɗaukar abu da yawa, in na cika shi da kunu naman ba zai shiga ba, kuma naman ne ke ƙara mini jini. Ku taimaka mini da farfesu da ƙwai, kunun a bar wa baƙi." Da surukarki kuwa, ya fi sauƙi maigida ya isar da saƙon da bakinsa, ya ce umarnin likita ne. A ganina tsofaffin nan ba su ƙi gyara ba. Abin da ba sa so shi ne a nuna musu ba su iya ba. Ki ba su aikin da za su riƙe, kamar dafa farfesun kaza ko kifi kullum, za ki ga sun fi ki tsanani a kai.

Wankan jego ba ya narkar da kitse. Zufar da kike yi ruwa ce, kuma ke ba za ki iya kwankwaɗar ruwa lokaci ɗaya ki mayar da ita ba, don haka a sirka ruwan, ki ɗan sha ruwa kafin ki shiga, kada kuma ki kulle ƙofar banɗaki saboda jiri. Ɗaure ciki da zane yana sa mace ta ji daɗin zama, amma ba ya rage ko giram ɗaya, kuma idan aka tamke shi da yawa yana tayar da ƙwannafi, wanda dama masu silib ke fama da shi.

Mataki na 2: gwajin jini

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. Ranar da kika koma asibiti duba na mako shida, kada ki tsaya a awon hawan jini da PCV, wato awon yawan jini, kawai. Ki nemi a rubuta miki cikakken gwajin jini, da feritin, wato ajiyar sinadarin ƙarfe, da bitamin B12, da folet, da bitamin D, da kalsiyam. Idan an samu hali a haɗa da bitamin A da zinc. Feritin yana faɗuwa tun kafin PCV ya nuna wani abu, don haka mace na iya jin an ce jininta lafiya lau alhali rumbun ya kusa ƙarewa. A babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za a faɗa miki wanda ake yi a nan da wanda sai an aika da jinin wani wuri. Muddin kina shayarwa, ki maimaita duk bayan wata 3 zuwa 6.

Me ya haɗa wannan da rage nauyi? Macen da ƙarfen jininta ya yi ƙasa kullum a gajiye take, tana haki in ta hau matakala, ranta yana son zaƙi don ta ɗan farfaɗo. Ba za ta iya tafiyar minti goma ba, balle talatin. Idan kin tsinci kanki kina tauna ƙanƙara ko kina marmarin farar ƙasa, ba kwaɗayi ba ne, alama ce ta ƙarancin ƙarfe.

Sai B12, wanda shi ya fi tayar mini da hankali, saboda ba ke kaɗai ya shafa ba. Tumbi ne ke samar da abin da ke taimaka wa jiki ya zuƙe shi, kuma naki an rage. Idan ya yi ƙasa a jikinki, zai yi ƙasa a nononki. Jaririn da bai samu B12 ba yakan zama lagwaf, yawan barci, ƙin kama nono, jinkirin riƙe wuya da zama, kuma illar tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da ake bayarwa a wajen awo ba su wadatar da mai irin aikinki ba; folik asid ma yana iya rufe alamar ƙarancin B12 a gwajin jini alhali jijiyoyi na cutuwa. Abin da aka saba ba masu wannan tiyata shi ne allurar miligiram 1 duk wata uku, ko ƙwaya mai ƙarfi kullum. Sinadarin ƙarfe akan ba mace mai jinin al'ada miligiram 45 zuwa 60 a rana, kalsiyam kuma 1,200 zuwa 1,500 a rarrabe sau biyu ko uku, an fi son nau'in sitret domin ba ya buƙatar tsamin tumbi sosai. Likitanki ne zai tsayar da adadin bayan ya ga sakamako. Naki shi ne ki raba ƙarfe da kalsiyam da tazarar awa biyu, kada kuma ki kora ƙwayar ƙarfe da shayi ko madara, domin suna hana shi shiga. Ɗan lemun zaƙi ko gwaba a kusa da shi yana taimakawa.

Zubewar gashi a wata na uku zuwa na huɗu bayan haihuwa abu ne da ke samun mata da yawa. Ki ambata wa likita duk da haka.

Mataki na 3: kwano

Ƙa'idar da aka koya miki bayan tiyata tana nan: furotin, wato abinci mai gina jiki irin nama da ƙwai, shi ne farko, ganye na biye, tuwo ko shinkafa a ƙarshe in wuri ya rage. Mafi ƙarancin abin da ake so mai wannan tiyata ta samu shi ne giram 60 na furotin a rana, mai shayarwa kuma ta nufi 70 zuwa 80. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Kofin madara ko kindirmo kusan 8. Dafaffen kifi ko tsokar kaza mai faɗin tafin hannunki kusan 20.

Ga yadda yini zai iya kasancewa da abin da ke kasuwarmu. Da safe dafaffen ƙwai biyu. Da hantsi kofin kindirmo ba sukari, a zuba cokali biyu na garin madara a ciki. Da rana kifi ko kaza da miyar zogale ko kuka ko alayyafo, ki fara da naman, ki rufe da lomar tuwo biyu ko uku. Da la'asar alale ɗaya ƙarami, ko awara da aka dafa cikin miya maimakon a soya. Da dare farfesun nama marar kitse ko balangu mai laushi da kabeji. Wannan ya kai ki wajen giram 70, cikin ci biyar, kowanne a zaune, kowanne yana da farko da ƙarshe.

Farko da ƙarshen nan shi ne bambanci tsakanin ƙananan ci biyar da kiwo. Kular abinci ba ta zama a ɗakinki. A zuba miki a ƙaramin faranti, ki ci cikin minti 20 zuwa 30, ki tauna sosai, in kin ji nauyi a ƙirji ko shaƙuwa ko hanci ya fara yoyo ki tsaya, a fitar da saura. Idan kular tana gefen gado za ki koma mata bayan awa ɗaya, tumbi ya sauka, ki ƙara loma huɗu, haka har dare, kin cinye abin da mai cikakken tumbi ke ci. Cincin da dubulan da biskit na 'yan barka su tafi falo ko wajen yara. Suna narkewa a baki, ba sa tsayawa a tumbi.

Mai kuma a auna shi. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Mai tuƙa miya tana karkata galan ne kawai, ba ta san ko cokali biyar ta zuba ba ko goma. A ɗebar miki miyarki kafin a kwarara mai, ko a yaɗe na sama. Gyaɗa tana da furotin amma kusan rabinta mai ne; ƙuli-ƙuli ya fi ta sauƙi tunda an matse. Kilishi da busasshen tsire sukan tsaya a ƙirji, a yi hattara. Hanta sau ɗaya a mako tana taimaka wa jini.

Akwai masu ba da shawarar a koma abincin ruwa zalla na kwana biyar irin na bayan tiyata, wai don tumbi ya sake tsukewa. Babu hujjar cewa yana tsuke komai, kuma ga mai shayarwa hanya ce ta jiri da ƙafewar nono. Samar da nono kaɗai yana cin kusan kalori 500 a rana. Ki bar shi ya yi miki wannan aikin, ke ki kula da ingancin abin da ke shiga.

Mataki na 4: abin sha

Ruwa lita 2 a rana ko fiye, da kurɓi-kurɓi. Ledar ruwa ta saba zuwa da santilita 50, ke nan leda huɗu zuwa biyar. Ki juye a gora ki riƙa kurɓa duk lokacin da jariri ya kama nono. A bazarar Katsina, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ki ƙara. Fitsari ne alƙali: in ya yi ja-ja kina baya. Kada ki haɗa ci da sha. Ki bar minti 30 bayan abinci, domin ruwa yana wanke abincin ya wuce, yunwa ta dawo da wuri.

Lemun kwalba na santilita 35 yana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 8 zuwa 9, ga iskar da ke kumbura tumbi. Lemun malt da ake kawo wa mai jego da sunan ƙarin jini shi ma sukari ne. Zoɓo ba sukari ba laifi. Fura kuwa, ba zan ce Bakatsiniya ta bar fura ba, ba za a ji ni ba ma. A sauya ma'auni dai: kindirmo ya fi yawa, rubu'in curi ɗaya, ba sukari, a sha da cokali a matsayin ci ɗaya cikin biyar ɗin nan, ba ƙari a kansu ba.

Sukari yana da wata illa ta musamman ga mai baifas, wani lokaci har da mai silib. Idan abu mai zaƙi ya zubo cikin hanji lokaci ɗaya, bayan minti 10 zuwa 30 sai zufa, bugun zuciya, murɗar ciki, gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku, sukarin jini ya faɗi, jiki ya ɗauki rawa, ido ya yi duhu. Idan kin ji haka kina riƙe da jariri, ki kwantar da shi tukuna, ki zauna, ki ci dabino ɗaya ko biyu, ki bi da ƙwai ko nono. In yana maimaituwa, likita ya sani.

Mataki na 5: motsa jiki

Wadda ta haihu da kanta ba matsala tana iya fara zagaya tsakar gida cikin 'yan kwanaki, minti biyar zuwa goma, bayan asuba ko gab da magariba. Ba sai kin fita waje ba. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri ta yi tafiya a hankali ita ma, amma ba daka, ba jan ruwa a rijiya, ba ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi, sai likita ya duba ɗinkin a mako na shida zuwa takwas. Daga nan ki riƙa ƙara minti biyar duk mako har ki kai abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Goyo a baya ƙarin nauyi ne mai amfani.

Sau biyu a mako ki ba tsoka aiki, domin wadda ta taɓa sauke kilo masu yawa bayan tiyata ta riga ta yi asarar tsoka. Tashi da zama daga kujera sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, tura bango da hannu biyu sau goma, ɗaga gorar ruwa. Ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari, ki saki, sau goma, sau uku a rana. Kafin ki fara duk wani atisayen tumbi, ki kwanta rigingine, ki ɗaga kai kaɗan, ki danna yatsu a saman cibiya. Idan ramin da ke tsakanin tsokokin ya wuce faɗin yatsu biyu, ki bar atisayen naɗe ciki, ki nemi ganin masu gashin ƙashi na asibiti. Fatar da ta saki kuma fata ce, ba kitse ba. Yunwa ba ta ɗauke ta.

Abubuwan da ba za ki sha ba

Ciwon mara da ciwon baya suna sa a aika yaro kemis, a dawo da ibufurofen ko diklofenak. Waɗannan suna haddasa gyambo a wurin da aka jona tumbi da hanji, musamman ga mai baifas. Farasitamol shi ne naki, sai abin da likitan da ya san aikinki ya rubuta.

Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a WhatsApp da Instagram, da yawansu maganin wankin ciki ne irin filasko. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, ke kuma da ƙyar kike mayar da su. Allurar Ozempic da 'yan'uwanta, waɗanda ake yi don rage ƙiba, ba a ba mai shayarwa, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da ke yawo. Idan za a yi maganarta, bayan yaye ne, a ofishin likita.

Azumin nafila don a rame ba na wannan lokacin ba ne. Na Ramadan kuwa, addini ya yi wa mai shayarwa sauƙi idan tana jin tsoro ga kanta ko ɗanta. Ki tambayi likita halin jikinki, ki tambayi malam hukuncin ramuwa. In kin samu ikon yi, kada ki buɗe baki da kunu mai sukari da lemo a jere.

Tazara

Sauke ƙiba yana buɗe haihuwa, wasu ma don haka suka yi aikin. Sabon ciki a wata na biyar, kan jinin da bai dawo ba, shi ne abin da ya fi komai mayar da mace baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin. Shayarwa tana karewa ne kawai in jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ƙwayar sha ba abin dogaro ba ce ga mai baifas tunda hanji ba ya zuƙe ta yadda ya kamata. Allurar wata uku tana sa wasu mata ƙiba. Ashanar hannu da robar mahaifa ba su bi ta hanji ba, su aka fi ba masu irin aikinki. Ku zauna da maigida kafin arba'in, ba bayanta ba.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

Ciwon ciki mai tsanani, musamman da amai, ga mai baifas: hanji yana iya zamewa ya maƙale a gurbin da tiyata ta bari, kuma bayan haihuwa, lokacin da mahaifa ke komawa, lokaci ne da hakan ke faruwa. Kada a ce ciwon biƙi ne a dafa sassaƙe. A tafi asibitin da ke da likitan tiyata, a nuna takardar nan. Aman da ya ƙi tsayawa na kwanaki yana ƙarar da bitamin B1, wanda ajiyarsa ba ta wuce mako biyu zuwa uku. Ki tuna wa masu duba ki a ba ki shi kafin ƙarin ruwa mai sukari. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo yana iya zama tsakuwar matsarmama. Bayan gida baƙi mai danƙo da wari, haki da kasa kwanciya a miƙe, kumburin ƙafafu, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, duka na gaggawa ne. Haka kuka ba dalili da ƙuncin da ya wuce mako biyu. Yana da magani, kuma yana daga cikin abin da ke tura mace ga ciye-ciyen dare.

Mataki na ƙarshe: sikeli

Sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, a sikeli ɗaya. Abin nema rabin kilo a mako, kusan kilo 2 a wata. Mai kilo 8 a kanta ta sa ran wata huɗu zuwa shida, wata ma sai ta yaye na ƙarshen zai tafi. Ki auna ƙugu da tef ɗin tela sau ɗaya a wata, domin akwai watan da sikeli zai tsaya amma siket ya saki. Ki haɗa da sikelin jariri: a rigakafin mako 6 da 10 da 14 ana auna shi, ki duba katin da idonki. Idan naki yana sauka da sauri nasa kuma ya tsaya, ki ƙara ci ɗaya a yini ki ga likitan yara.

Idan wata biyu suka wuce ba motsi, ko nauyin yana hawa, ki ɗauki littafi ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki na kwana uku, da lokacinsa, har kurɓin shayin tsakar dare da ragowar abincin yara. Yawanci amsar tana cikin shafin nan. In ba ta nan, a duba tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya mai sarrafa kuzarin jiki, domin yakan rikice a shekarar farko bayan haihuwa ya kawo kasala da jin sanyi da ƙiba. In shi ma lafiya, kuma kin lura kina iya cinye faranti cikakke ba tare da jin komai ba, ko ƙwannafi ya tsananta, ki tuntuɓi likitan da ya yi miki aikin ko wani likitan tiyatar ciki. Ki tafi da littafin, da sakamakon jinin, da jerin magungunan da kike sha, da takardar aikin, domin da su ne zai yanke ko sai an leƙa tumbin da na'ura.